Ranar da Aka Leƙa Bakina Aka Rasa Belu

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Alexandria ta Amurka ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, Allah ya sani. Ranar ce na zauna a gaban aji, baki buɗe, harshe waje, mutane suna bin layi suna haska maƙogwarona da 'yar tocila kamar masu neman gugan da ya faɗa rijiya.

Amma bari in ɗauko zancen daga tushe, don kada ku yanke mini hukunci da wuri.

A lokacin na gama digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a wata jami'a da ke kusa da Washington. Duk wanda ya yi karatu a ƙasar nan da bizar ɗalibi ya san abin da ke biyo bayan bikin kammalawa: za a ba ka izinin aiki, amma da sharaɗin ka sami aiki a fanninka kafin wa'adi ya cika, in ba haka ba ka tattara naka-ya-naka ka koma gida. Na nemi aiki har na gaji da nema. Manyan gine-ginen gwamnati na unguwar Southwest a Washington kuwa sai dai in hango su ta tagar jirgin ƙasa idan muna tsallaka kogin Potomac, don yawancin ayyukan cikinsu na 'yan ƙasa ne. Wa'adina yana ta matsowa, ni kuma ina ta ramewa.

Ana cikin haka na ji labarin wani ƙaramin asibitin unguwa da ke horar da mutane na 'yan makonni. Aikin shi ne ka tarbi mara lafiya, ka tambayi tarihin lafiyarsa kafin ya ga likita, in ta kama ka yi tafinta. A ƙarshen horon za su ɗauki kaɗan daga cikinmu. Yawancin masu zuwa asibitin mutanen El Salvador ne da Honduras, don haka dole ka iya ɗan Sifaniyanci (na ɗan taɓa shi a jami'a, ba zan ce na iya ba, amma ba za a sayar da ni ina tsaye ba). Akwai kuma tsofaffinmu na Nijeriya da Nijar da Ghana da suke zuwa wurin 'ya'yansu, su kuma Hausata za ta yi musu amfani. Wannan ita ce dama ta ƙarshe da nake gani a gabana, shi ya sa na riƙe ta hannu bibbiyu.

Mai koyar da mu wata nas ce da ta yi ritaya, Malama Rosario, 'yar asalin El Salvador, gajeriya, tabarau kullum a rataye a wuyanta. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, amma tana da doka guda da take maimaitawa kowane mako: tafinta ya faɗi duk abin da aka faɗa, ba ƙari ba ragi, kuma da bakin mai maganar. "In ta ce cikina yana ciwo, kai ma cikina za ka ce," in ji ta, "ko da kai namiji ne mai gemu, ita kuma naƙuda take yi."

A ajin ni da mutum ɗaya ne muke jin Hausa, Anti Rifkatu. 'Yar Filato ce, nas, ta girme ni sosai, tana zaune a Fort Washington da iyalinta, ta shigo horon ne don ta ƙara Sifaniyanci a kan aikinta. Tun ranar farko ta mai da ni ƙanenta, wato ta sami wanda za ta riƙa tsokana kyauta.

Mako na uku, in ban manta ba, muka shiga sunayen tiyatar da ake cire wani abu daga cikin mutum. Malama Rosario ta ce mara lafiya da yawa ba ya iya faɗin abin da aka cire masa, likita kuma dole ya sani, don haka sai mun haddace su da Turanci da Sifaniyanci. Appendectomy, apendicectomía. Nephrectomy, nefrectomía. Splenectomy, esplenectomía. Da ka ji su ka san nono ɗaya suka sha, wutsiya ce kawai ta bambanta su. Ni kuma da iyayi sai na ƙara wa kaina aiki, na haɗa da Hausa, ba wanda ya sa ni. Cire ƙoda. Cire saifa. Cholecystectomy, colecistectomía, cire matsarmama (wannan sai da na tambayi Anti Rifkatu, ita ma sai da ta tuna da ranar da take gyaran kayan cikin kaza).

Na haddace su kamar mai shirin musabaƙa. Ina dafa taliya ina karantawa, ina hawa lif zuwa ɗakinmu ina karantawa. Wata rana a jirgin Blue Line na rufe ido ina ta jero su ƙasa-ƙasa da Sifaniyanci, cire ƙoda, cire saifa, cire mahaifa, ban ankara ba sai na ga wata tsohuwa da ke kusa da ni ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta koma can ƙarshen tarago. Ban ga laifinta ba. Ni ma da na ji baƙo yana lissafa kayan cikin mutane da rana tsaka, da na sauka a tasha ta gaba.

Kafin in ci gaba, ya kamata ku san wani abu game da halina. Ni mutum ne da ba na iya cewa "haka ne" kai tsaye. Ko sunan unguwarmu aka tambaye ni sai na fara da "ina jin". Abokaina a Kano suna ce mini Malam Wataƙila. In na aika saƙo sai na karanta shi har ya gundure ni kafin in tura, in na tura kuma in sake karantawa in yi nadama. Sau ɗaya tak na taɓa yin magana a bainar jama'a babu wataƙila a cikinta, kuma ga yadda aka yi.

Muna cikin bitar kalmomin nan sai muka zo kan uvulectomy, uvulectomía, wato cire belu, ɗan naman nan da ke reto a can ƙarshen ganɗa. Malama Rosario ta ce mutanenta ba sa kiransa da sunan littafi, campanilla suke ce masa, 'yar ƙararrawa. Sai ta juyo wurina, cikin ladabi ƙwarai, ta ce ta taɓa jin cewa a wasu sassan Afirka masu aski na gargajiya suna cire wa jarirai shi, ko haka ne a wajenmu?

Duk ajin ya waiwayo. Ban san abin da ya hau kaina ba. Ina jin gajiya ce da irin tambayoyin da ake yi mana a ƙasar nan, ko kuna da wutar lantarki, ko ka taɓa ganin zaki. Sai na ji kamar an ɗora mini mutuncin Arewa gaba ɗaya a kafaɗa. Na gyara zama na ce, "Wannan abin dā ne, a ƙauye. Ni a birni aka haife ni, mahaifina malamin makaranta ne. Ba a taɓa yin wannan a gidanmu ba."

Anti Rifkatu ta kalle ni ta gefen ido ta ce da Hausa, "To, sannu ɗan birni."

Na yi kamar ban ji ba. Har na koma gida ranar ina jin daɗin kaina.

Asabar ɗin da ta biyo baya darasin na aikatawa ne. Aka raba mu biyu-biyu, aka ba kowa 'yar tocila da ɗan faffaɗan katakon nan da ake danne harshe, mu koyi ba mara lafiya umarni da Sifaniyanci: buɗe baki, fito da harshe, ce "aaa". Ni da Anti Rifkatu aka haɗa. Ni na fara, na yi nawa tsaf, na ga belunta yana nan lafiya lau. Sai ta karɓi tocila.

"Abra la boca, ƙanena."

Na buɗe. Ta haska. Ta ƙara matsowa, ta sake haskawa, ta karkata kai. Sannan ta sauke murya yadda ba wanda zai ji, ta ce, "Ɗan birni, ina belunka?"

Don Allah ku lura, baiwar Allah nan ta so ta rufa mini asiri. Da Hausa ta yi maganar, kuma a hankali. Da ina da wayo da na rufe bakina mun yi dariyarmu mu biyu, shi ke nan. Amma ni mutum ne da ƙaramin ƙurji ke hana ni barci. Ina jin nas ta ce wani abu babu a jikina, sai na zabura. Na tashi tsaye na ce da Turanci, da ƙarfi, "Me ya ɓace? Me kika gani? Abin damuwa ne?"

Malama Rosario ta sa tabarau ta taho. Ta nemi izini, ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Babu campanilla."

(Za ku ce yaya mutum zai kai shekaruna, har da digiri a fannin lafiya, bai san ba shi da belu ba. Ni ma na tambayi kaina. A littafi na sha ganinsa, na zana shi ma a jarrabawa. Amma wa yake tsayawa gaban madubi ya leƙa can lungu? Harshe nake dubawa in mura ta kama ni, daga nan ban taɓa wucewa ba.)

Nan take wataƙilata ta dawo da ƙarfinta. Na ce mai yiwuwa haka aka haife ni, ai akwai masu irin haka, ina jin na taɓa karantawa. Malama Rosario ta ce zai iya yiwuwa, sai dai wurin ya yi kama da tabon yanka da ya daɗe da warkewa. Maimakon in yi shiru a nan ma, sai na zaro waya. Na ce, "Bari ku ji daga bakin mahaifiyata." Na kira Kano, na kuma buɗe sifika da hannuna. Ba wanda ya tilasta ni.

"Assalamu alaikum, Umma, ina wuni?"

"Wa alaikumus salam, Babana. Lafiya lau. Ya sanyi? Ya neman aikin? Lafiya dai ka kira yau, ba gobe ba?"

"Lafiya ƙalau, Umma. Ina cikin aji ne, mutane suna ji. 'Yar tambaya ce. Ni dai ba a cire mini belu ba ko?"

Sai kawai ta fashe da dariya, irin wadda take yi har ta dafa gwiwa.

"Belu? Kai Babana! Da girmanka da digirinka sai yau kake cigiyar belunka? Ai tun kafin suna Garba wanzami ya raba ka da shi."

"Amma Umma, ai Abba..."

"Abbanku ya hana, wannan gaskiya ne. Ya ce shi malamin makaranta ne, likitoci sun ce ba shi da amfani. Kakarka ta ce masa to. Yana hawa babur ya tafi makaranta ta aika aka kirawo Garba. Ni ina ɗaki ina jego, wa ya tambaye ni? Ka yi ta tsala ihu kamar ɗan akuyan da aka raba da uwa, har maƙwabta suka shigo tambaya. Abbanku bai sani ba sai da ka shiga firamare."

Anti Rifkatu ta kifa kai a kan tebur, kafaɗunta suna rawa. Da ƙyar ta ɗago ta matso kusa da wayar ta ce, "Ina wuni, Mama? Ni ce na gano."

"Lafiya lau, 'yata, Allah ya yi albarka. Don Allah ki riƙa duba mini shi, ba ya cin abinci."

Malama Rosario ta harɗe hannu tana jira. Ta ce, "To, me ta ce?"

Na share zufa (a cikin sanyin Disamba, ku duba). Na ce, "Mahaifiyata ta ce mai yiwuwa an yi wani ɗan ƙaramin abu na al'ada, amma ba ta da cikakken bayani."

Ta cire tabarau ta sake shi ya faɗa ƙirjinta. "Ba na jin yarenku," in ji ta, "amma ina jin tsawon magana. Ta daɗe tana bayani, ta yi dariya, kai kuma ka ba ni jimla guda. Ina sauran?"

Anti Rifkatu, wadda nake kira yayata, wadda na taɓa ɗaukar mata jaka har tasha, ta ɗaga hannu ta ce da Turanci, "Akwai akuya a ciki."

"Ina akuyar?" in ji Malama Rosario, ba ko murmushi.

A nan ne na gane abin ya wuce batun belu. Matar da za ta zaɓi waɗanda za a ɗauka aiki ta kama ni ina yin abu guda da ta hana tun ranar farko, ina yanke maganar mutum saboda ba ta yi mini daɗi ba. In na iya yi wa mahaifiyata haka don in tsira da mutunci, me zai hana in yi wa tsohuwar da ta ba likita amsar da ta ba ni kunya? Na tuna wa'adina. Na tuna akwatina da ke kan kabad. Kunya dai ba ta kisa, tikitin komawa gida kuwa ba wasa ba ne.

Na ce, "Umma, don Allah ki maimaita a hankali, zan fassara wa malamarmu."

Ashe abin da take jira ke nan. Umma ta sami masu sauraro a Amurka, sai ta baje kolinta. Ta maimaita duka, ta ƙara da abin da ba ta faɗa ba da farko: cewa kakata ta ce in ba a cire ba zan riƙa amai in ƙi nono, cewa har cinyar ragon sunana aka ba Garba, cewa yana nan da ransa, duk inda ya zauna sai ya ce yana da ɗa a Amurka wanda shi ya fara yi masa aiki. Ni kuma na tsaya ƙyam, na fassara jimla bayan jimla, da bakinta, kamar yadda doka ta ce. Da bakina na gaya wa aji, "Ina ɗaki ina jego, wa ya tambaye ni?" Da bakina na ce, "Ka yi ta ihu kamar ɗan akuya." Da na zo kan "ba ya cin abinci" ma ban tsallake ba.

Dariyar da aka yi ba ta mugunta ba ce, amma dariya ce. Malama Rosario ta sa na yi wa Umma godiya, Umma ta sa wa ajin albarka gaba ɗaya, na fassara wannan ma. Daga nan Malama Rosario ta sa 'yan ajin suka juya labarin zuwa Sifaniyanci don bita, saboda haka na sake jin tarihin akuyata a yare na uku. A ƙarshe ta tambaye ni ko zan yarda kowa ya leƙa, tunda ba kullum ake samun irin wannan ba. Me zan ce? Wanda ya riga ya jiƙe ba ya gudun yayyafi. Na zauna, na buɗe baki, na ce "aaa" har muƙamuƙina ya gaji.

Da layin ya ƙare ta yi mana bayani a natse. Ta ce cire belun jariri ba ya maganin komai, kuma yana iya jawo zubar jini ko ƙwayar cuta, don haka in mun sami dama mu faɗa wa iyaye. Ta ce ita ma kakarta takan tura babban yatsa ta danna ganɗar jariri in maɗigarsa ta faɗa, kuma ba wanda ya isa ya hana ta. Sannan ta nuna ni ta ce, "Da wannan ya zo asibiti makon jiya kun tambaye shi ko an taɓa cire masa wani abu, me zai ce?"

Suka haɗa baki: "A'a."

"Ƙarya zai yi?"

"A'a."

"To ku riƙe wannan."

A tashar jirgi, ina tsaye ni kaɗai ina addu'ar kada kowa ya yi mini magana, sai wani ɗan ajinmu ɗan Habasha, wanda ko sau ɗaya ban taɓa jin muryarsa a aji ba, ya zo ya tsaya kusa da ni. Ya waiga dama da hagu, ya buɗe baki ya nuna mini. Fayau, babu komai.

Na ce, "Kai ma? To me ya sa ba ka yi magana ba makon jiya?"

Ya ce, "Ni ai na san nawa babu. Shi ya sa na yi shiru. Yau kuma na ce wa abokin aikina ina mura."

An ɗauke ni aikin, Alhamdulillah, saura ƙiris wa'adina ya cika. Ban taɓa tambayar Malama Rosario dalili ba, ina tsoron amsar. Abin da na sani shi ne a duk tsawon zamana a asibitin ban ji mara lafiya ko ɗaya ya ce colecistectomía ba. "Sun cire mini wani abu a nan," suke cewa, su nuna gefen ciki. Tsofaffinmu kuwa "an yi mini aiki" ne kawai, sauran sai ka bi a hankali. Kuma in dattijo ya ce mini ba a taɓa cire masa komai ba, nakan rubuta, sannan in ce, "Baba, wanzami fa?" Sau da yawa sai ya yi dariya ya ce, "Au, har da wannan ake lissafawa?"

Abin da ban tsira daga gare shi ba shi ne suna. Ma'aikatan asibitin har yau Campanilla suke ce mini, wasu sababbi ma sun ɗauka sunan gidanmu ne. Anti Rifkatu kuwa duk Kirsimeti in ta aiko mini da abinci daga Fort Washington sai ta kira ta ce naman akuya ne, in ci a hankali, 'yan'uwana ne.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne, amma na biya shi da tsada. Kafin ka tashi a gaban jama'a ka ce "ba a yi a gidanmu", ka fara tambayar wa ke gida lokacin da mai gidan ya hau babur. In ba ka sami wanda za ka tambaya ba, ka je gaban madubi ka ce "aaa". Ni dai na koma wa wataƙilata, kuma ina jin, ko da yake ban tabbata ba, ba za mu sake rabuwa ba.